Kafinta da Babban Lilo

Ajiye wayar nan tukuna, ɗana. Tun ɗazu nake jin kana tsara yawon sallar iyalinka, ƙarfe kaza nan, ƙarfe kaza can. Zauna in ba ka misalin wani kafinta.

Mutumin nan sun rabu da matarsa, 'yarsu ɗaya mai shekara bakwai tana hannun uwar. Sai labari ya iske shi cewa uwar ta yi aure, bayan sallah za su tashi zuwa inda mijin yake aiki, tafiyar kwana biyu a mota. Ya roƙi alfarma, aka ba shi yarinyar yini ɗaya, da sharaɗin ya mayar da ita gidan kakarta kafin magariba. Ya ce a ransa, yinin nan sai ya zama wanda ba za ta taɓa mantawa ba. An buɗe wani sabon wurin wasan yara a birni, mai ƙaton lilo kamar tayar keke, wanda in ya ɗaga mutum sama sai ya hango gari gaba ɗaya. Shi ya ƙudurta za su hau. To amma wurin ba a bin layi irin wanda muka sani. Sai ka sauke manhajarsu a waya, ka yi rajista, ka kama gurbi, su ba ka lokaci da wata lamba da za ka nuna a ƙofar lilon. Kwana uku yana fama da abin a shagonsa, da yatsun nan nasa masu kanta, har Allah Ya ba shi gurbin ƙarfe goma sha ɗaya na safe.

Ranar da za su je, cunkoson sallah ya riƙe su a hanya, suka iso sha ɗaya da kwata. Ma'aikacin ƙofa ya ce lokaci ya wuce, na'ura ta soke, sai dai ya sake kamawa, ana sakin sabbin gurabe kowace awa. Kafinta ya zaunar da 'yarsa a wani benci ƙarƙashin darbejiya, ya duƙufa. Sha biyu na bugawa gurabe suka fito, kafin ya gama rubuta lambar sirri sun ƙare. Ƙarfe ɗaya sabis ya ɗauke saboda yawan jama'a, ya riƙa bin katanga yana ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Ƙarfe biyu ya samu, amma na mutum ɗaya, kuma ba a barin yaro ya hau shi kaɗai. Ya soke don ya nemi na mutum biyu, ya tashi ba ko ɗaya.

Dab da bencin akwai wasu tsofaffin dawakan roba masu zagayawa, fentinsu ya koɗe, ba a kama musu gurbi, mai kula da su har gyangyaɗi yake don rashin masu hawa. Sau biyu yarinya ta ja masa hannun riga ta nuna su. Ya ce, "Haba Mamana, wannan ai na jarirai ne. Babban za mu hau." Ta saki hannun rigarsa. Ta ci shinkafar da ya sayo mata ita kaɗai. Ta fara ba shi labarin haƙorinta da ya fita, da yadda yanzu take iya karanta allon kan titi, shi kuwa sai "uhm, uhm" yake yi, bai ɗago ba. Da ta ga haka ta bari, ta koma kallon 'ya'yan mutane.

Bayan la'asar aka dace: gurbi biyu, biyar da rabi. Ya saɓa ta a kafaɗa suka ruga. Saura mutum uku a gabansu, wayar ta yi baƙi, caji ya ƙare. Ya roƙi ma'aikacin, ya faɗi sunansa, ya rantse da Allah. Ma'aikacin ya ce shi ma ba ikonsa ba ne, ƙofar ba ta buɗewa sai ta ga lamba. Na bayansu suka fara tsaki, ya ja hannun 'yarsa suka fita daga layi. Ya ce to bari su je wajen dawakan. Suka tarar an lulluɓe su da tamfol, mai su ya tafi.

Ana kiran magariba suka isa. Kakar ta taro su a zaure, ta tambayi jikarta me da me ta hau. Yarinya ta ce, "Ba komai, Kaka. Baba aiki yake yi a waya, ban so in dame shi ba." Ba da fushi ta faɗa ba, uzuri take nema masa. Yana tsaye yana ji. Ya yi sallama ya fita. Kwana biyu tsakani uwar ta tashi da yarinyar. Bai sake sa ta a ido ba sai bayan shekara huɗu. Ta yi tsawo, ta durƙusa ta gaishe shi cikin ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa baƙon gida, ta tashi ta koma ciki.

Masu wurin da laifinsu, ban musa ba, tunda sun kafa ƙofar da ba ta jin magiya. Amma yini guda aka ba bawan Allah nan, 'yarsa na zaune a gefensa tun hantsi har rana ta yi ja, shi idonsa na wani wuri. Shi ya sa Hausawa suka ce: garin neman gira, a rasa ido.