Da Wa Mai Shan Jinin Ya Yi Kama?

Ana kunna fitila bayan mun gama kallon fim ɗin, daraktanmu na hukumar tace fina-finai ya juyo.

"To, wannan mai shan jinin da ƙauyawa ke yi wa tafi da yunwa a cikinsu, da wa ya yi kama?"

Hoton Shugaban Ƙasa na rataye a bango, ba wanda ya ɗaga ido.

Abokin aikina, sarkin neman suna, ya miƙe zumbur. "Kwamared Darakta, a hana fim ɗin nan! Shugaba ake zagi."

Darakta ya yi murmushi. "Mu dai dodo muka gani. Kai ne ka ga Shugaba."

Ran Asabar fim ya fito a Bukares, babban birninmu. Abokina kuwa har yau bai fito daga kurkuku ba.