Notunan da Aka Kawo Daga Kano

Karo na biyu ke nan da aka jawo motar Hajiya Rabi'atu zuwa garejin Jesse, injin ya tafasa, ruwa ya cakuɗe da baƙin mai. Tumatir cikin babbar mota guda ya ruɓe a bakin titi tun ba a kai Toro ba.

Hajiya ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi. Ta tsaya nesa da taɓon mai, ta tattare gyalenta.

"Baba Jesse, filin nan marigayi mijina ne ya ba ka aro, ni kuma ban taɓa tashin ka ba. In motar nan ta sake tafasa, ka kwashe ƙarafunanka."

Shekara ashirin da uku yana wannan fili. Da shi yake ciyar da jikoki huɗu da 'yarsa Patricia ta rasu ta bari. Mai furfura irinsa, a ina zai kafa sabon gareji, wa zai bi shi?

Abin da ya fi cin ransa shi ne ya san laifinsa. Murfin kan inji, wanda makanikai ke ce wa tof, dogayen notuna ashirin da shida ne ke danne shi. Duk ɗaurin da aka yi musu sai sun ɗan miƙe, miƙewar da ido ba ya gani. Maigidansa da ya koya masa sana'a ya bar masa doka guda: duk notin tof da ka kwance, ka buga masa ɗigo a ka da tsinin ƙarfe. Mai ɗigo ɗaya ya koma aiki. Mai biyu, bola. To wancan karon direba na tsaye a kansa, kaya na jira, sai ya rufe ido ya mayar da masu ɗigo biyu. Matarsa Liatu kaɗai ya gaya wa, ita ma ba ta rage masa ba, ta ce ai wanda ya san doka ya taka ta ya fi jahili laifi.

Da ya sake kwance su, ya buga wa kowanne ɗigo na uku da hannunsa, ya watsa su kan tarin ƙarafan bayan gareji, inda irinsu suka daɗe suna tsatsa. Ya rantse sai sababbi, kuma daga aljihunsa, don ba shi da idon da zai tambayi Hajiya.

Ya kira 'yan gwangwan suka auna tarin ƙarafan nan suka kwashe. Kuɗin bai isa ba. Ya sayar da babur ɗinsa. Sannan ya bi shagunan kayan mota da ƙafa, kwana biyu, rana na dukan sa, kowa ya ce irin na wannan tsohuwar mota sun yi wuya, sai dai a gwada Jos ko Kano.

A wani lungu a unguwar Wunti ya samu wani mai sayar da kayan mota, Ɗanlarai, mai fara'a, bakinsa kamar zuma. Bai ko karɓi awon da Jesse ya rubuto a takarda ba, ya ce ya san irinsu, ya dawo jibi, kaya na hanya daga Kano.

Jibin kuwa ga su a leda a liƙe, baƙaƙe wuluk, suna ƙyalli, fentin kansu mai kauri, har warinsa na tashi.

"Ga ɗaya na ƙara maka gyara, Baba. Kai namu ne."

Jesse ya tsufa a sana'a bai taɓa ganin an yi gyara a noti ba, sai ka ce gyaɗa. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ya yi godiya, ya jefa na gyaran a aljihu.

Kwana uku ya yi a kan injin. An kai tof an goge fuskarsa ta daidaita. Ya wanke komai, ya sa sababbin zobba, ya shimfiɗa sabon gasket, abin da ake sa wa tsakanin tof da inji, kamar mai shimfiɗa jariri. Ya shafa wa notunan mai, ya fara ɗauri daga tsakiya yana fita gefe, zagaye uku, yadda aka koya masa. A juyin ƙarshe ya ji sun bi hannunsa da ɗan laushi. Ya tsaya. Sai ya ce wa ransa sabon abu haka yake, ya daɗe bai taɓa shi ba ne.

Bugu ɗaya injin ya tashi, yana kaɗawa lafiya lau. Jesse ya cire hula, ya yi addu'a a tsaye, idonsa ya cika.

Washegari aka yi lodi a kasuwar Muda Lawal, kwanduna har sama. Hajiya da kanta ta zo ganin tashin motar, har ta yi masa murmushi. Bayan azahar motar ta kama hanyar Jos.

La'asar ta yi, Liatu ta kawo masa abinci gareji, ta same shi yana wanke kayan aiki a kwanon fetur, yana 'yar waƙar coci a hankali. Ya duba rana, ya ce mata yanzu dai sun fara hawan tudu, inda inji ke nuna gaskiyarsa, kuma wannan karon hankalinsa kwance yake. Ya sunkuya, notin gyaran ya zame daga aljihu ya faɗa cikin kwanon.

Fetur ya yi baƙi. Ya tsamo shi, ya goge kansa da babban yatsa, fentin ya saɓule.

A kan notin ɗigo uku ne a jere, bugun hannunsa.