Motar da Harsashi Bai Taɓa Ba

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo, kunnuwanmu a buɗe suke.

Harsashin farko ya fasa gilashin motar asibiti daidai kwanar da ke gangarawa gada. Na biyu ya sami direbanta a wuya, motar ta yi tangaɗi ta faɗa rami. Kafin Kyaftin, shugaban masu tsaron Ministan Harkokin Waje, ya ɗago kai daga cikinta, wuta ake yi musu ta gabas da yamma.

To, bari in gaya muku abin da ya kai su wannan kwana. Shekara shida iyakar ƙasar da maƙwabciyarta tana rufe. Manyan motoci sun yi tsatsa a bakin gada, kasuwanni sun mutu, ba wanda ya yi ƙiba sai masu fasa-ƙwauri da 'yan bindigarsu. A ranar ne Minista zai je gadar ya sa hannu a buɗe hanya, su kuwa sun rantse ba zai kai da rai ba.

Sai Kyaftin ya yi dabara. Ya sami wani soja mai tsawon Minista, ya sa masa tufafinsa, ya zaunar da shi a bayan baƙar motar ofis mai duhun gilashi. Baba Direba ne a sitiyari, dattijon da ya shekara talatin yana tuƙa ministoci ba a taɓa kama shi da saɓa ƙa'ida ba. Shi kuwa Minista aka kwantar da shi a motar asibiti, can wutsiyar ayari.

Amma maharan suka bar baƙar mota ta wuce sumul, ko tsakuwa ba su jefe ta da ita ba. Motar asibiti suka rufar wa. Sojoji bakwai suka faɗi a wurin. Kyaftin ya ja Minista ta ƙofar baya, jini na tsiyaya daga kafaɗar Ministan, ya harbe mutum biyu, ya farfasa wa na uku kai da gindin bindiga har sai da ya daina motsi. Da ƙyar suka koma ma'aikatar da rana tsaka.

Ban da sojan da aka sa wa tufafi, mutum uku ne suka san dabarar: Kyaftin, da Minista, da Tafinta, wanda ya buga waya tsallake ya shaida wa mutanen can da harshensu. Uwar Tafinta kuwa 'yar tsallaken ce. Kyaftin bai tsaya dogon tunani ba. Ya ja shi ɗakin ajiye fayil, ya murɗa makulli.

"Wa ka gaya wa?"

"Yaya, ni ne fa. Shekara tara muna ci a kwano ɗaya."

"Harshenka biyu, ashe zuciyarka ma biyu ce. Kawunnanka ka sayar wa yarana?"

"Wallahi abin da ka rubuta min shi na karanta, ban ƙara ko wasali ba."

Kyaftin ya ɗora hannun Tafinta a bakin durowar ƙarfe, ya tura ta da gwiwa. Ƙarar ta kai har ofishin masu buga takardu, kowa ya sunkuyar da kai kan aikinsa. Yatsa bayan yatsa, tambaya ɗaya, amsa ɗaya. Can Baba Direba ya ƙwanƙwasa ƙofa da kofin ruwa a hannu.

"Ɗana, a bi a hankali. Rai ba a samunsa a kasuwa."

"Baba, koma wajen motarka."

Dattijo ya koma. Zuwa ƙarfe uku Tafinta ya daina rantsuwa, bayan ɗan lokaci ya daina numfashi, kansa jingine da tulin takardun da shi ya fassara.

Likita bai gama ɗaure kafaɗar ba Minista ya miƙe. Ya ce mutanen tsallake suna jira, ba zai bar jinin yaransa ya tafi a banza ba, kuma wannan karon a motarsa zai tafi, mai son ganinsa ya gan shi.

Kyaftin ya wanke hannu har gwiwa, ya fito farfajiya. Ya tarar da Baba Direba ya gama goge baƙar mota tana sheƙi. Da aka ce ga Minista nan yana saukowa, sai dattijo ya zagaya gabanta, ya kwance wata 'yar jakar fata da ta lulluɓe wata ƙaramar sanda a gefen fitila. Tutar ƙasa ta fito tana kaɗawa.

Kyaftin ya matso kusa da shi.

"Baba, da safe ma haka ka buɗe ta?"

Dattijo ya dube shi kamar an zage shi.

"Haba ɗana, da safe ai na leƙa na ga ba Maigida ba ne a baya. Ko ɗan dako a bakin titi ya san ba a buɗe tuta in mai ita ba ya ciki."

Ƙurunƙus, nan ta ajiye kai.