Harshen da Kaka Ta Farka da Shi

Da kaka ta farfaɗo daga suman kwana uku, Badanci ya ɓace mata, Hausa ma haka. Wani harshe take yi a hankali, kamar mai lallashin jariri. Duk ɗakin an gane Fillanci ne, amma ba wanda ya furta, don babban ɗanta ne shugaban manoman Katuzu, mai korar makiyaya daga fadama.

Da ya ga numfashinta yana raguwa, ya leƙa waje ya kira wata mai tallan nono.

“Baiwar Allah, wasiyya take bar mana?”

Matar ta sauke ƙwaryarta, ta daɗe tana saurare.

“Ba da ku take ba, Alhaji. Shanun babanta take kira gida, kowace da sunanta. Saura ɗaya ba ta shigo ba.”