Lambar Jirgin Inna

Baba bai yi boko ba, ni kuwa ina aji uku. Duk ranar da wani namu zai shiga jirgin ruwa a Yelwa, aikina ne in rubuta lambar jirgin a tafin hannuna da biro.

Ran nan Inna ta kai busasshen kifi kasuwar tsallake. Na rubuta lambar, sannan na bi yara muka faɗa ruwa wanka.

Da la'asar wani masunci ya iso yana haki, ya ce jirgi mai lamba ashirin da bakwai ya kife. Baba ya soma kwance igiyar kwalekwalensa, ya juyo gare ni.

"Ɗan boko, duba hannunka. Shi Innarka ta shiga?"

Na buɗe hannun a ɓoye. Ruwa ya wanke lambar, sai ɗan shuɗi-shuɗi. Tsoron duka ya kama ni.

"Ba shi ba ne, Baba."

Ya yi hamdala, ya mai da igiyar ya ɗaure, ya bar wa masu jirgin inji aikin ceto. Har yau ina jin kukan igiyar nan a jikin turke.

Ashe shi ne. Sai gab da magariba aka tsamo Inna da sauran numfashinta, rungume da jarka. Baba bai doke ni ba. Ya kama hannuna ya buɗe, ya daɗe yana kallon tafin, sannan ya saki.

Har ya rasu ban iya roƙonsa gafara ba.