Zanen Likita a Cikina

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don ni ko madubi kunyarsa nake ji.

Ana gobe za a zuƙe mini kitsen ciki, likita ta zana mini layuka da shuɗin alƙalami, daga cibiya har kwiɓi. Ta ce, "Kada ki wanke, nan za mu bi."

Tun da na haihu ƙanwar mijina ke tsokanata: "Matar yaya, wannan cikin yaushe za a sauke shi?" Sai in yi dariya, in shiga ɗaki in yi kuka. Maigidan kuwa cewa ya yi, "Yadda kika gani." Na rasa ko "je ki" yake nufi ko "bari".

Da yamma ina canza riga, 'yata mai shekara huɗu ta gani.

"Umma, wa ya yi miki zane?"

"Likita. Wurin da ba kyau za a cire."

Ta fita. Can na same ta a bayan ƙofa, ta zagaye ɗan tumbinta da biro.

"Umma, ni ma a cire mini. Ai irin naki ne."



Washegari asibiti suka yi ta kira. Har yau ban sani ba, fasawa na yi ko ɗagawa. Na dai wanke mata cikinta tas, sannan na miƙa mata soson, na ɗage rigata.