Ludayi a Hannun Hagu

Harisu mai zanen motoci ya ja da baya yana goge fenti a wandonsa, yana jiran yabo. A bayan sabuwar motar katakon Alhaji Gide, cikin tashar Yankara, ya zana budurwa tana dama fura ƙarƙashin tsamiya.

"Ke ce, Safara'u," ya ce wa wadda zai aura. "Dubi wushiryarki."

Safara'u ta daɗe tana kallo. Wushiryar tata ce, har kallabin shuɗi. Amma fuskar shafa ɗaya aka yi mata, cikin inuwa. Hasken rana duk a kan hannun ya sauka. An bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, an yi musu jan lalle, har ɗan tabon ƙuna a wuyan hannu ba a manta ba.

"Malam Harisu, da wane hannu nake dama fura?"

Ya dubi zanen. Ludayin yana hagu.

Duk tashar nan bahaguwa ɗaya ce mai fura: Larai, ƙawar Safara'u, ga ta can bakin rumfa tana damawa.

"Kuskure ne. Bari in gyara yanzu." Ya rarumi buroshi.

Ta riƙe masa hannun riga, idonta ya kaɗa.

"Bar shi. Ka gaya wa Baffanka kada ya zo gidanmu ran Juma'a. Fuskata ka tuna, amma hannunta ka zauna ka kalla."